A Bar Mini Nomau Har Haliru Ya Dawo

Zuwa ga Ubandawakin garinmu na bakin gulbin Rima, mai tsaron ganuwa da ƙofofinta, Allah shi ba ka nasara.

Tun ban kai ga gaisuwa ba, ina gargaɗin wanda anka miƙa ma takardar ga don ya karanta ta a ƙofar masallaci bayan Jumma'a: ka karanta ta duka, kada ka tsallake wurin da ya yi ɗaci, kada kuma ka ƙara gishirinka. Ku masu saurare, wanda duk ya mai da maganata abin zagin Ubandawaki a bakin kasuwa, ban yafe masa ba. Ban rubuta don a kunyata kowa ba.

Bayan haka, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da rashin barci, ina yi maka ta'aziyyar ƙanenka da ya kwanta dama a ƙofar gabas bara. Ni ce A'i 'yar Malam Buhari, matar marigayi Isa mai alkama, uwar Haliru. Da mahaifiyarka munka yi karatun littattafai a Wurno, tabarma ɗaya, kuma na goye ka kana jariri. Sau biyu na aiko a nema mini iso wurinka, anka ce kana tare da baƙi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na farko, abin da ya same ni. A kakar bara, da rundunar Gobir ta shigo ƙasar ga ta ƙone ƙauyukan da ke bayan Shinaka, ɗana Haliru yana fadama yana ban ruwan albasa. Nan sunka kama shi da guga a hannu. A wannan karon ne kai ma ka bi su da dawaki ka kamo nasu, cikinsu har da wani magidanci mai suna Nomau. Ka san al'adar da munka taras tsakaninmu da mutanen can, don rabin garin ga suna da dangi a cikinsu: wanda anka kama, in an san gidansu, ba a sai da shi nesa. Ana ajiye shi a gidan da anka ɗauke ma mutum, su ci da shi, su tufatar da shi, har ruwan gulbi ya janye a kai shi mashigi a yi musaya, kowa ya karɓi nasa. Da bakinka ka ce a kawo mini Nomau. Tun ran nan yana hannuna a zaure, don ranin da ya wuce yaƙi bai bari an yi musaya ba.

Ba zan ɓoye maka ba, da farko ko kallonsa ba ni son yi. Jikata nake ba akushi ta miƙa masa. Amma mutum ne mai sallah, mai kunya. Shi ya gyara mini dangar da ta faɗi, ba wanda ya sa shi. Sambo, Bafulatanin da ke kiwo tsakaninmu da su, ya kawo mini labari a watan Rajab cewa Haliru yana hannun uwar Nomau, tsohuwa ce kamata, kuma ta ce a gaya mini duk abin da na zuba ma ɗanta a akushi, irinsa take zuba ma nawa. Tun daga ran nan ban sake ba Nomau tuwon da ya kwana ba.

Na biyu, abin da na ji. Shekaranjiya wani bawan fadarka ya zo ƙofata da mutum biyu daga cikin baƙin nan masu raƙuma da bindigogi, waɗanda ka kira daga hamada su taya mu yaƙi. Ya ce an yi yarjejeniya, ladansu shi ne kamammun da ke cikin gari, kuma in shirya Nomau kafin ayarinsu na farko ya juya arewa bayan Sallah. Na tambaye shi mi zai faru da Haliru. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi ɗan aike ne.

Ranka shi daɗe, kai ka san amsar da ya kasa ba ni. Mutumin da ya hau bayan raƙumi ya ƙetare rairayi, ba Sambo, ba mai gano inda yake. Ran da labari ya kai ga waccan tsohuwa cewa an ba da ɗanta lada, da wane dalili za ta ci gaba da riƙe nawa? Ko ita ta ji tausayi, mazan gidanta ba za su ji ba. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Akwai gidan Inno mai saƙa da ke jiran mijinta, akwai gidan limamin unguwar masunta. Su kunya ta hana su magana. Ni na wuce shekarun wannan kunyar.

Na uku, ban ce ka yi kuskure don ƙeta ba. Na ga abin da ka gani. Na ga mutanen ƙauye sun shigo da tabarmi bisa kai, na ga gawar ƙanenka, na san dawakinmu sun ragu kuma taimako daga Wurno ba ya isowa duk sa'ad da anka nema, don ba mu kaɗai ake tsaro ba. Mutumin da anka ɗora ma ran gari, in ya ga mai bindiga ya miƙo hannu, da wuya ya ƙi. Su ma baƙin ban ɗauke su shaiɗanu ba. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa tsayawa ƙofata neman abin da zai sa ma gyambo. Ya gaya mini da 'yar Hausarsa cewa fari ya cinye musu dabbobi, ya baro 'ya'ya ba nono. Na ba shi magani, na dama masa hura. Yunwa ta kawo shi, kuma mai yunwa ba ya komawa gida hannu wofi. Abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Na huɗu, kuma nan nake so ka natsu. Yaƙinmu da mutanen can mugun abu ne, amma yana da iyaka. Tun ina yarinya, in ruwan farko ya sauka kowa sai ya rataye kwari ya ɗauki hauya, don su ma manoma ne, in ba su yi shuka ba yunwa za ta kashe su kafin mu. Ba a ƙone rumbu da gangan sai an yi fushi ƙwarai. Ba a taɓa mata a bakin ruwa. Ba malami ne ya rubuta waɗannan ba, amma kowa ya san su, don kowa ya san gobe zai haɗu da abokin gabansa a wurin suna ko jana'iza. Baƙo ba shi da gona a nan. Damina ba ta mai da shi gida. Ba shi da ƙanwa da ke aure a ƙetare da zai ji nauyinta. Bana ne karo na farko da na ga an fita hari gero yana cikin bunƙasa, kuma su sunka matsa a fita, don zama ba ya kawo musu lada.

Ga abin da ya biyo baya. Sambo ya ce da mutanen can sunka ji ƙarar bindiga a wajenmu, sai su ma sunka aika gabas neman nasu masu bindiga, kuma an ce sun fi namu yawa. Na ji kuma a bakin matan fada cewa ana shawarar ka aika a ƙaro wasu. To, in kun ƙaro, su ƙaro, ina za a tsaya? Da mi za a biya su? Yau kamammu ne. In kamammu sun ƙare, sai hatsi. In hatsi ya ƙare, sai su duba cikin gari su ga wa za a iya ɗauka. A ƙarshe baƙi biyu ne za su yi ta harbin juna bisa gonakinmu, mu da Gobirawa muna tsaye muna kallo, ba mai ikon cewa ya isa. Wanda ka kira da bakinka, in ya fi ka makami, ba da bakinka zai tafi ba.

Ko yanzu an fara gani. Raƙumansu sun shiga fadama sun cinye yabanyar mutane, ba wanda ya iya kai ƙara. Samarinmu sun bar ban ruwa suna bin su a baya suna sha'awar bindiga. Na ji wani da uwarsa ta sha wahala a kansa yana cewa noma aikin wanda ba shi da zuciya ne. Na kira shi na wanke shi tas, amma ba kowa zan iya kira ba.

Saboda haka ina roƙon ka abu huɗu, don Allah da darajar wadda ta haife ka. Ka janye maganar ba da kamammun da ke hannun gidaje, dukansu, ba Nomau kaɗai ba. In dole sai an sallami baƙi da wani abu, a buɗe rumbuna a fara da nawa, da zannuwan da na ajiye, ni na yarda in sha kunu har kaka. Ka tura Sambo tun yanzu ya shaida wa mutanen can cewa musaya tana nan a mashigi in ruwa ya janye, kafin wani ya riga shi da mugun labari. Kada ka aika a ƙaro wasu baƙi, waɗanda ke nan kuma a yanka musu lokacin tafiya, a sanar da manya a Wurno don kada nauyin ya zauna bisa kanka kai ɗaya.

Allah shi tsare ka daga sharrin maƙiyi da sharrin mai ba da shawara don cikinsa. Allah shi jiƙan ƙanenka, shi sanyaya zuciyar mahaifiyarka. Allah shi mai da kowane kamamme ga uwarsa, namu da nasu, shi mai da baƙin nan ga 'ya'yansu da abin halal.

Ya rage in sanar da kai abin da na zartar a gidana, don kada ka ji shi a bakin wani. Na mai da matar Haliru gidan iyayenta, don kada ta zauna cikin gida ɗaya da baƙon namiji. Na ɗauke Nomau daga zaure na sa shi cikin gida, a ɗakin da ke jikin nawa. Na tara 'ya'yana da jikokina na gaya musu: daga yau ba mai buɗe ƙofar ciki ga wanda ya zo nemansa, ba mai nuna ɗakinsa, ba mai bin masu bindiga ko da riƙe musu akala ne. Wanda ya karya wannan, ya nemi wata tukunya, ba zai sake cin tawa ba. Nomau ba zai fita gidan ga ba sai zuwa mashigi, ni a gaba shi a baya. Wanda ke son fitar da shi kafin ran nan, sai ya shigo turakar tsohuwa da ƙafarsa, gari yana kallo, ya ɗaga ni daga bakin ƙofa.

Wassalam.

A'i 'yar Malam Buhari, uwar Haliru.