Wuta Ɗaya a Ƙofar Gidana

Da sunan Allah Mai rahama. Ni ce Azumi, mai saida kopto, kwaɗon zogale, a kasuwar garin Tawa shekara talatin, uwar Arzika da Idrisa da Jannatu. Hankalina garau yake, gwiwa ce kawai ta ci amanata. Likita ya ce zuciyar ta gaji, na ce ai ta yi ƙoƙari, ta ɗauki ku uku ta ɗauki siyasa. Da hannuna nake rubutun nan, gajiyar yaƙi da jahilci ba ta faɗi ƙasa banza ba.

Na ɗaya. Gida da gonar da ke garin Bambai, malamai su raba yadda Allah ya ce. Ba ni da baki a ciki.

Na biyu, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Arzika, kai ne ɗan fari, ban taɓa kama sunanka da bakina ba, yau takarda ta ɗauke mini kunya. Kai da ƙanenka Idrisa, shekara tara ke nan ba ku ci tuwo a akushi ɗaya ba, tun zaɓen da kowa ya bi nasa ɗan takarar shugaban ƙasa. Ranar babbar Sallah kowace unguwa ta Tawa maƙwabta suna tsire ragunansu a itace, su kewaye wuta ɗaya. Mu a ƙofar gidana wuta biyu ake hurawa, taku goma tsakani, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya yana shan hayaƙinsa. Masu kabu-kabu har tsayawa suke yi su kalla. Wallahi abin yana ci mini rai. Sallar da ke tafe, ko ina nan ko ba na nan, wuta ɗaya nake so.

Na uku. Akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gado na Jannatu ne. Ciki akwai zannuwan jam'iyya ashirin da uku, kowane da fuskar wani bawan Allah yana murmushi. Duk na ɗaura su, duk na yi guɗa a cikinsu, don ni ba na maida kyauta. Jannatu, ki yi goyo da masu ƙwari, sauran ki rufe akurkin kaji lokacin sanyi. Zanen dai ya fi maganar da aka kawo shi da ita daɗewa.

Tun ina amarya ake yi wa ƙauyen ubanku, can hanyar Tebaram, alkawarin pampo. Nakan tuna ranar da wani ɗan takara ya sha ruwan rijiyarmu gaban jama'a, ya ɓata fuska, ya rantse in ya hau ba za mu ƙara shan wannan laka ba. Ya hau kuwa. Muka ci gaba da shan lakarmu. Ɗan takararka ya yi irin wannan rantsuwa, Arzika, na Idrisa ma ya yi, har da ƙwalla. Daga baya pampon ya zo, amma 'yan garin masu cirani ne suka haɗa hannu suka gina shi.

Ba na cewa duk maƙaryata ne. Mai neman kujera kamar saurayi yake a dandali. Ubanku Tanimu, Allah ya jiƙansa, gadon ƙarfe ya yi mini alkawari kafin aure. Sai da na haifi Jannatu gadon ya iso, ƙafa ɗaya ma gajera. Ba mugu ba ne, ya shiga gida ne ya tarar da rumbu ba yadda ya zata ba. Haka mai mulki: ran da ya zauna sai ya ga fari, ya ga tsaro, ya ga 'yan jam'iyya sun yi layi kowa da ƙoƙonsa. In ya yi daidai ku yaba, in ya kauce ku faɗa, ko naku ne. Amma ku da kuke gaba dominsu, su can Yamai suna zuwa sunan ɗiyan juna, suna cin kaji tare. Wanne cikinsu ya san sunanka, Idrisa?

Na huɗu. Babbar tukunyata da na dafa wa taron kamfe shinkafa, ban ba kowa ba. Ta zauna tsakar gida, Kaltumi matar Arzika da Latifa matar Idrisa su riƙa soya kayan ciki tare. Su dama ba su taɓa ɓatawa ba, ta bayan ɗaki suke miƙa wa juna gishiri, ku ne ba ku sani ba.

Na biyar, sirri ne, yau zan fasa ƙwai. Arzika, kana bugun ƙirji wai Inna naka ta zaɓa. Idrisa, kai ma haka kake gaya wa abokanka. To ku saurara. Duk ranar zaɓe nakan shiga bayan labulen nan, in buɗe takarda, in ga hoton wannan sai in ga fuskar Arzika, in dubi wancan sai in ga Idrisa. Sai in dangwala wa duka biyun. Sai bara wata malamar lakwal, makarantar boko, ta gaya mini irin wannan ƙuri'a ba a ƙidaya ta, lalatacciya ce. Na yi dariya har da hawaye. Ashe rana kawai nake sha a layi!

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku, ya sa rumbunku ya kai damina. Ku riƙe Jannatu, ku riƙe juna. Tun da kuka ɓata, sau uku ƙasa ta tambaye ni wa nake so, sau uku na ce duka biyu, aka jefar da amsata. Ku kada ku jefar da ita.

Uwarku,
Azumi