Albam Goma, Ba Abokin Musu

Lahadi da dare, ƙarshen Disamba. Angwan Iya.

Yau na kammala jerin albam goma da suka fi burge ni bana. Akwai na gurmi, da gambarar zamani, da jitar Buzaye, har da waƙoƙin cocin ƙabilar Eggon da na fara ji a garejin wani makanike a Sabon Gari.

Bayan la'asar na hau acaɓa zuwa Jigwada wurin abokina Bala. Shekara tara muna musayar irin wannan jeri a takarda, mu yi ta musu har magariba.

Na miƙa masa tawa. Ya karɓa, bai buɗe ba. Ya ce, "Isa, ni fa na daina jin kiɗa tun azumi. Nauyin faɗa maka nake ji."

Na ce ba komai. Muka sha shayi, na taho. Wallahi ban ji haushinsa ba.

Sai dai da gangan na sa albam ɗin da na san zai tsana a lamba ɗaya, don kawai ya ce, "Kai, ba ka da kunne!" Ɗazu na sake saurarensa ni kaɗai. Ashe ni ma bai yi mini daɗi ba.