Man da Likita Ya Hana Inna

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu ma nan alhamdu lillahi. Yaya yana nan yana fama da tuƙinsa, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Ni kuma keken ɗinkina na dawo da shi ɗakin Inna, kusa da taga, don in riƙa aiki idona yana kanta. Saƙonki ya iso, har da kwalaben sabulun wanke kai guda biyu, Allah ya saka da alheri. Kin ce in gaya miki gaskiyar halin da Inna take ciki, kada in yi miki ɓoye-ɓoye irin na waya. To ga shi, sai ki yi haƙuri da tsawonsa.

Mantuwar nan tata ta yi nisa, Auta. Yanzu ba ta gane Yaya, in ya shigo sai ta ja mayafi ta tambaye ni ko baƙon nan ya ci abinci. Ni da nake kwana nake tashi da ita, mafi yawan lokaci baiwar Allah take ce min, tana yi min godiya kamar wadda aka ɗauko aiki. Lokaci ɗaya ne kawai take dawowa cikin hayyacinta. Kin tuna kwalbar man kwakwarta mai shuɗin murfi, wadda take zaunar da mu tsakanin gwiwoyinta tana tsaga mana kai tana shafawa? Tun da ta kwanta ni nake yi mata, ranar Talata da Asabar. Da na buɗe murfin ƙamshin ya tashi, na sa yatsa a tsagar farko, sai ta jingina da ƙafata ta ce in yi a hankali, Sarkin Gaggawa, kan mutum nake riƙe da shi ba tsumma ba. Kin san ita kaɗai take kirana haka. Rabin awar nan nake samun uwata, sauran kwanakin mako kuwa jinya nake yi.

To amosanin kan nan nata da kika sani sai ya tsananta. Matashin kanta fari fat kowace safiya, kafaɗar rigarta kamar an barbaɗa gari. Susa ba dare ba rana, har ta fara yi wa kanta rauni a bayan kunne da ƙeya. Na yanke mata farce, na ɗinka mata safar hannu mai laushi, ta cire da haƙori. Ni kuwa da na ga fatar tana ɓarewa sai na ce bushewa ce, yadda ita kanta ta koya mana. Na ƙara mai, daga sau biyu a mako na koma kullum. Kuma ba zan ɓoye miki ba, daɗin hakan nake ji, don kullum sai ta kira sunana.

Ranar da na ga jini a ɗankwalinta na kai ta wurin likitan fata. Matar ta tsaga gashin, ta duba da ƴar fitila, ta tambaye ni me nake shafa mata. Na faɗa har da alfahari. Sai ta ce ai irin wannan amosanin maiƙo yake so, man da nake zubawa shi yake ciyar da shi, duk ƙarin da na yi ƙara wa ciwon ƙarfi na yi. Ta ce a daina gaba ɗaya. Ta rubuta sabulun magani irin wanda kika aiko, ta ce a cuɗa shi a fatar kai ba a gashi ba, a bar shi minti biyar cif kafin a ɗauraye, a busar da kan sosai, a riƙa wanke mataji da rigar matashi. Da na ce mun taɓa gwada shi bai yi ba, ta tambayi minti nawa nake bari. Ni kuwa ina sawa nake ɗaurayewa. Inna ba ta yi kuskuren suna ba.

A hanyar gida na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba. Wata huɗu ina cutar da ita da hannuna, ita kuma tana jingina da ni tana sa min albarka. Amma na bi maganar likita. Na ɗora kwalbar a saman kabad, na riƙa ajiye agogo a bakin baho ina ƙirga minti biyar, tana kuka tana cewa baiwar Allah me ta yi min. Mako uku kan ya lafa. Raunukan suka bushe, matashi ya koma tas, tana barci har da minshari. Yaya ya ce na yi ƙoƙari. Sai dai a makonni ukun nan ko sau ɗaya ba ta san ni ba. Na gwada tsaga mata kai da busasshen hannu, ta ture ni ta ce ba ta son wasa da baƙi. Kan ya warke, ni kuma na rasa ɗan abin da ya rage min na uwata, kuma wallahi sau da yawa na tsaya gaban kabad ɗin ina kallon kwalbar.

Ranar Asabar da ta wuce na kasa daurewa. Na sauko da ita, ba don in shafa mata ba, na ce ko ƙamshin kaɗai zai yi. Na zauna a ƙasa gaban kujerarta na buɗe. Ta daɗe tana kallon murfin. Sai kawai ta karɓe kwalbar, ta juya ni ta kafaɗa, ta zare ɗankwalina ta sa ni tsakanin gwiwoyinta. Ashe da sa hannu a kanta da yin amfani da mataji ɗaya da rashin kula da kaina, ni ma nawa ya cika da amosani ban lura ba. Ta tsaga da farcenta, ta yi tsaki, ta ce dubi kan yarinyar nan, Sarkin Gaggawa ko zama a gyara ta ba ta iya yi. Ta laƙato mai ta fara shafawa, tsaga bayan tsaga, hannun nan bai manta komai ba. Ta tambaye ni ina Auta, ta ce in na tashi in kira ki, ke ce ta gaba. Na ce kin je aike, yanzu za ki dawo.

Tun ranar kullum da hantsi nake zama ta shafa min. Na san abin da likita ta ce, na kuma san abin da man yake yi, don yanzu haka da nake rubuto miki hannuna ɗaya yana kan biro ɗaya yana cikin gashina. Kafaɗata ta yi fari, masu kawo ɗinki har sun fara ba ni shawarar magani. Kwalba ɗaya cikin biyun da kika aiko kin rubuta a jikinta cewa tawa ce in na buƙata. Na ajiye ta a saman kabad, a gurbin da man yake a da. Ranar da Inna ta daina karɓar kwalbar mai daga hannuna, zan buɗe ta, kuma ina roƙon Allah ya nisanta wannan ranar. Ke kuma in da hali ki zo kafin lokacin, ki zo da kanki a tsefe, har yanzu tana jiran ki dawo daga aike.

Ki gaida maigidanki da kyau, da babbar ɗiyarki, da ƙaramin nan mai surutu da yake ƙwace waya. Yaya da matarsa suna gaishe ku, Gwaggo ma ta ce a miƙa gaisuwarta. Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Yayarki mai ɗinki