Na rubuta Goggo, wayar ta kawo min juya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka sakaya sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, domin yadda zuciyata take tafasa, in na yanke hukunci ni kaɗai ban san inda abin zai tsaya ba.

Ni a Gaya nake, ɗinki nake yi a gida, na daɗe da aure Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma na gode masa. Akwai 'yar ƙanina da ke Ajingi, bari in kira ta Ummi, tun tana firamare na ɗauko ta riƙo. Tana rarrafe ta cusa hannun dama a murhu, yatsunta suka manne, in za ta yi rubutu da biro sai ta haɗa gumi kafin ta cika layi. Da ta shiga babbar sakandare wani malaminsu ya ce a nema mata waya, akwai abin nan da ke saman kibod, kana fara rubuta kalma sai ya jero maka wasu ka taɓa wadda kake so, wai zai rage mata wahala. Ni na saya mata. Kuma tsakani da Allah ya taimake ta, da yatsa ɗaya take aikin makaranta, caf caf kamar kaza a kan tsaba, har kuri nake da ita gaban masu kawo ɗinki.

To makon jiya ba wuta, wayata tana wurin mai caji, sai na ari ta Ummi zan tura wa babanta saƙo. Na fara da Goggo, nufina in ce Goggo ce, don ya san ba Ummi ke magana ba. Ina ɗaga yatsa sai ga kalma a sama tana jirana, juya. Goggo juya, wato matar da ba ta haihuwa. Na goge na rubuta Baba, ya kawo ina wuni. Na rubuta Umma, ya kawo ya jiki. Na sake rubuta Goggo, juya dai. Ita da bakinta ta taɓa gaya min abin ba ya ƙirƙira, kalmomin da mutum ya saba jerawa yake haddacewa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Na kira ta na nuna mata. Ta fashe da kuka tana rantse-rantse, wai ba wannan juyar ba ce, juya ce ta juya abu. Wai in ta je hutu Ajingi muna bidiyo kol, ni ban iya riƙe waya ba, murya kuma ba ta fita saboda netwok, shi ne take rubuto min in juya kamara. Na ce ta raina min hankali. Amma da na karɓo wayata na duba, akwai shi, ta taɓa rubuto min Goggo juya kamara silin nake gani. Ba zan yi mata ƙarya ba, na gani. Sai dai sau nawa muka yi bidiyo kol ɗin da har waya za ta haddace? Na ce ta buɗe min hirarta da uwarta, sai na tarar an share tas, ko sallama babu, wai wayar ce ta cika. Uwar nan kuwa ita ce a wani gidan suna ta kalle ni cikin mata ta ce wanda bai haifa ba bai san zafin ɗa ba.

Maigidana ya ce da ƙarfe nake faɗa, in bar yarinya ta sarara. Shi me ya dame shi, ba shi ake nunawa da baki a gidan biki ba. Na kira ƙanina ina zaton zai tsawata, buɗar bakinsa sai ya ce in na gaji da riƙo in sako masa 'yarsa a mota, dama ga cirar gyaɗa ta zo suna neman hannu. Ni da na yi jinyarta, na yi mata tsifa da kitso, na bi layin asibiti da hannun nan, yau ni ake gaya wa in na gaji. Ashe gaskiyar masu cewa tsintacciyar mage ba ta mage.

Allah wadaran wannan abu na saman kibod, munafuki, ya jefa min magana ya koma gefe, ba shi da bakin da zan titsiye shi ya faɗa min wace juyar yake nufi. Da a baki ne, ina jin yadda aka ja kalmar zan gane, a rubuce kuwa duk ɗaya ce.

Yanzu na haɗa mata kayanta a jaka, suna bakin ƙofa. Bana za ta zana jarrabawar fita sakandare, kuma na san in ta koma Ajingi karatun ya ƙare, gona za a tura ta da hannun nan. In na bar ta kuma, kullum zan zuba mata abinci ina tunanin sunan da take kirana da shi a bayan idona, ba zan iya ba, na tsani ko jin takunta a tsakar gida. Tun ranar ba na amsa gaisuwarta.

Masu ilimin waya, ku faɗa min gaskiya, rubutu ɗaya ko biyu ya isa abin ya riƙe kalma haka? Iyaye mata kuma, in ku ne za ku mayar da ita ko za ku haɗiye? Ɗazu tana ɗaki ina kan keken ɗinki saƙonta ya shigo, Goggo don Allah ki yi haƙuri ki yafe min ba ni da kowa sai ke. Na karanta har idona ya kawo ruwa, sai kuma na tsaya. Ita ta rubuta wannan, ko ta fara ne kawai wayar ta ƙarasa mata?