Naman da Usta Hamdam Ya Zubar

Zuwa ga Yayana Bahodir,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Allah ya sawwaƙe maka sanyin Koriya. Mu nan Andijon lafiya lau. Ƙafar Mama ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa da kanta, cikin matarka Nigora kuma ya shiga wata bakwai.

Maganar gidan abincinmu ce ta sa na rubuto, gara ka ji daga bakina. Watan jiya mun dafa palov, shinkafar nan tamu da nama, na wani biki, washegari mutum goma sha huɗu suka kwanta asibiti da amai da gudawa, har da kakar amarya, wadda ta kwana tara ana ƙara mata ruwa. Jami'an lafiya suka gano cewa wuƙar da aka yanka ɗanyar kaza da ita, da ita aka yanka tumatir. Suka rufe mu, suka ce sai duk ma'aikata sun yi horon mako guda.

Usta Hamdam, mai dafa mana palov tun kana makaranta, ya rantse ba zai zauna sa'ar jikarsa ta koya masa wanke hannu ba. Da ƙyar Baba ya lallashe shi. A rana ta uku a aji ya tambayi malamar ko akwai abin da tafasa ba ta kashewa. Ta ce akwai gubar da ko wuta ba ta ji.

Ranar da aka buɗe mu muka tarar an ɗauke wuta tun la'asar ɗin ranar da ta gabace ta, firji ya huce, ga naman rago biyu a ciki. Baba ya shinshina, ya ce a ɗora tukunya. Usta ya soka ma'aunin zafin da aka ba su a wurin horon a cikin naman, ya duba, ya kwashe naman kaf ya kai bola, mutane na zaune suna jiran abinci. Baba ya ce masa ya haukace. Shi kuwa ya kira sunan Baba ya ce, "Rustam-aka, hancinka da nawa duk sun tsufa." Ranar shayi da gurasa kaɗai muka sayar.

Tun daga nan Baba bai ƙara yi masa magana ba, yana ma neman wanda zai maye gurbinsa. Kai yake saurare, don Allah ka kira shi ranar Juma'a. Ni da Usta mun je duba kakar amaryar nan a asibiti, Baba bai je ba.

Mama da Nigora suna gaishe ka. Ka gaida Kawu Shavkat da iyalinsa.

Ƙanwarka,
Dilrabo