Baba Ya Kankare Sunayen Kakanninmu

Zuwa ga Yaya Maureen,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara, Allah ya sa haka, amin. Mu nan kalau muke, sai ƙafar Baba da ke tashi lokaci-lokaci.

Yaya, hankalina a tashe yake. Kin san kabarin gidanmu na harabar coci, mai kama da akwatin dutse, wanda hukuma ta sa cikin kayan tarihi, ba a taɓa shi sai da izini. To, ranar Talata Baba ya ɗauki bokiti da burushin ƙarfe, wai auren ɗiyata Imogen ya matso, ba za a yi hoto gaban kabarin kakanninsa gansakuka ta rufe shi ba. Ashe gansakukar ce ke riƙe da fuskar dutsen! Yana gogawa tana zubowa kamar ɓawon burodi. Kafin Rabaran ya hango shi ta taga, gefen da ke da sunaye ya zama sumul.

Na yi masa tas, na ce shekara tamanin da biyu amma kunnen ƙashi sai ka ce ɗan yaye. Ya ce kabarin gidansu ne, ba na gwamnati ba. Amma da ya juya ya dubi dutsen sai ya ajiye burushin, ni kuwa na yi da-na-sanin maganata.

Matar da ke duba kayan tarihi za ta zo ran sha huɗu ga wata. Rabaran ya ce in akwai shaidar abin da ke rubuce, ana iya ba da izinin sake sassaƙa shi, in babu haka zai zauna. Littafin coci na wancan zamani kuwa ruwa ya cinye shi tun ba a haife mu ba. Shi ne na tuna takardar da kika shimfiɗa a kan dutsen kika goga da baƙin kaki har sunayen suka fito a jikinta, muna 'yan makaranta. Don Allah ki zazzage akwatunan da kika tafi da su, ko tana ciki.

Ki gaida Desmond da Hazel da autanki Rory. Baba bai san na rubuto ba. Kullum yana kicin riƙe da fensir, ya tuno sunaye biyar. Na shida wata yarinya ce da ta rasu tana shekara uku, ya ce sunan yana bakinsa amma ya ƙi fitowa. In takardar da kika goga ɗin nan ta ɓata, Yaya, ba wanda ya rage a duniya da ya san sunanta.

Ƙanwarki,
Rosalind