Injin da Na Zaɓa wa Shamsiyya

Litinin, 7 ga Afirilu 2025

Na sayi littafin nan don in rubuta abin da na yi da hannuna, tunda babu wanda zai rubuta mini. Ni Gado Illo, aji uku na yi a kolej na fito. Gyaran rediyo, ni na koya wa kaina. Daga rediyo na koma talabijin, daga nan kyamara. Shagon hoto da bidiyo na bakin tasha, ni na ɗora kwanonsa. Rabin bukukuwan sunan Dogon Dutsi a kyamarata sunka shiga. Ko allura babu wanda ya ba ni.

Yau kuma ɗiyata Shamsiyya, da ta gama karatun zane a Yamai, wai za ta koya mini yadda ake sayen ordinater, wato kwamfuta.

Laraba, 9 ga Afirilu

Ga maganar. Inna, mahaifiyata, ganinta na tahiya. Likita ya ce ba yana ba ce balle a cire, idon dama ya riga ya mutu, na hagu kuma sai abin da Allah ya yi zuwa damina. Shamsiyya ta je ƙauyenmu wajen Kiyeshe ta ɗauko muryarta tana ba da labarin wata jar akuya, tana so ta mai da shi zane mai motsi, irin na yara a talabijin, Inna ta gani kafin hasken ya ƙare. Ordinater ɗin shago da na ke haɗa bidiyon biki da shi ya kasa. Akuya ta ɗaga ƙafa, sai komi ya tsaya cik.

Ta rubuto mini takarda. Kart girafik iri kaza, memuwar kaza. Ta ce kart ɗin ne ke dafa hotunan, memuwar ita ce ƙwaƙwalwar injin, ekran kuwa, gilashin kallon, ko ƙarami ya isa. Na ninke takardar na sa a aljihu don kada ta ji babu daɗi.

Asabar, 12 ga Afirilu

Na dawo daga Yamai. Shagon Hakim na je, tsohon abokin cinikina. Ya nuna mini wani ɗan akwati, wai shi ya dace da takardar. Na ɗaga shi da hannu guda. Shekara talatin ina ɗaga inji, na san mai nauyi shi ne mai ƙarko. Na zaɓi wani babba, ƙarfe zalla, sai da munka kama mu biyu. Na haɗa da ekran mai faɗin ƙofar ɗaki.

Shamsiyya ta buɗe gefensa, ta daɗe tana leƙe. Ta ce, "Baba, ina takardar?" Na ce tana nan lafiya lau a aljihu. Ta yi dariyar nan ta uwarta, ta ce to Allah ya sa albarka.

Talata, 15 ga Afirilu

Uwarta Ummukulsum ta ɗinka masa riga mai fulawa, kamar yadda ta ke yi wa kowane inji na gidan nan tun rediyonmu na aure. Ya yi kyau ƙwarai.

Alhamis, 17 ga Afirilu

Zahi yau ba a magana. Yarinyar ta sa injin dahuwar minti guda na fim tun da hantsi, ta tahi gida cin abinci. Na ga an bar shi tsirara, mutane na shiga da fita, na mayar masa da rigarsa. Kafin la'asar ya mutu. Aikin yini ɗaya ya tahi.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta cire rigar, ta kama hannuna ta ɗora a kan ƙarfen, na janye ba shiri. Ta ce wanga ba rediyo ba ne, numfashi ya ke yi. Ta ƙara da cewa ko da riga ko babu, kart ɗin da ke ciki na aikin buro ne, rubuce-rubucen ofis, fim ɗinta mai minti shida zai ci wata huɗu.

Wata huɗu. Na ƙirga a yatsa, Agusta ke nan.

Lahadi, 20 ga Afirilu

Na je gaida Inna. Sai da na yi magana ta gane ni. "Mai rediyo ne?" Haka ta ke kirana har yanzu, da furfurata. Ta tambaya ko akuyarta ta fara tahiya. Na ce ta kusa.

Ban ji daɗin tuƙin dawowa ba.

Laraba, 23 ga Afirilu

Yamai kuma. Wannan karon da Shamsiyya, don kawai ta ga hanya. Murmushin Hakim dai na ga ya yi yawa. Ya yarda ya karɓi babban injin, amma ƙaramin ya fi shi daraja, sai an cika. Na cika da kyamarata ta farko, wadda ya daɗe yana roƙona don ya ajiye a gilashin shagonsa. Dama ta tsufa. Ba wani abu ba ne.

Ta so a mayar da ekran ɗin ma a ƙaro memuwar. Nan na kafe. Mutum ba zai sauka daga komi rana ɗaya ba.

Asabar, 26 ga Afirilu

Ɗan akwatin nan aljani ne. Abin da wancan ya yi yini yana nishi, wanga ya gama kafin in sha shayi. Amma shi ma zahin Dutsi ya fara kayar da shi. To nan ne ilimin Yamai ya ƙare. Na buɗe gefensa, na ɗora shi a kan bulo biyu, na sa masa fankar tsohon talabijin, na rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, nesa da shi. Bai ƙara mutuwa ba. Ta ce, "Baba, wannan ba a koya mana ba." Na ce na sani.

Asabar, 10 ga Mayu

Akuya na tahiya, har tana kaɗa kunne. Ƙarshen fim ɗin ne ta hana ni gani, da na shigo sai ta sauke shi. Ɗiyar da na goya a bayan babur.

Lahadi, 25 ga Mayu

Jiya munka kai fim ɗin ƙauye, da gurup, injin ba da wuta, a bayan mota. Munka rufe zauren Inna da tabarmi don duhu. Ta matso har hancinta na neman taɓa gilashi, ta juyo idon hagu. Ta gani. Ta ce jar ta yi daidai, amma tata ta fi wagga ƙiba. Shamsiyya ta raɗa mini cewa da ƙaramin ekran ne da Kaka ba ta ga komi ba. A rubuta wannan.

Ni tatsuniya na zata. Ashe akuyar Inna ce ta gaske, wadda ta zo da ita daga gidansu. A minti na biyar sai ga mace ta ja ta zuwa kasuwar Dutsi, akuya na tirjewa, ta dawo gida da igiya kawai da ƙarfen narka dalma naɗe a gefen zane. Ta miƙa wa wani da aka koro daga kolej, yana zaune gindin bango ya ƙi cin tuwo. Shamsiyya ta zana shi da manyan kunnuwa. Kunnuwana ba su kai haka ba.

Na tuna ƙarfen, yana cikin akwatina har yau. Ban taɓa tambaya daga ina ya fito ba.

Inna ta lalubo kaina a duhu ta ce, "Mai rediyo, mura ka ke yi?" Na ce hayaƙin gurup ne.

Na duba shafin farko na littafin nan. Maganar allura, a bar ta haka, ban son gogewa.

Sai dai akwai gyara guda. A ƙarshen fim ta rubuta: Labari, Hamsatu (sunan Inna ke nan). Zane, Shamsiyya Gado. Shi ke nan. Na ce mata ba zai yiwu ba, wa ya zaɓi ekran, wa ya sa fanka? Dole a sa sunana. Ta ce a ina, sama? Na ce a'a, ƙarƙashin nasu. Gado Illo, mai fanka. Amma da manyan baƙaƙe, yadda Inna za ta iya gani.